Kututturen Gawo a Tsakiyar Gandu

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Laraba, ana tsakiyar damina. Na duba agogon hannuna, domin ɗabi'ata ce, duk abin da ya same ni sai na san lokacinsa. Mu uku ne a wurin: ni, da maiɗakina, da saurayin da ya zo zama da mu a gona. Ni dawowata ke nan daga Ƙanƙara, inda na je ta'aziyya na kwana, ko takalmi ban cire ba. Ita tana tsaye a bakin shinge ta toshe baki da gefen mayafi. Shi kuma yana tsaye da gatari a kafaɗa, gumi na zuba, yana murmushi irin na wanda ke jiran a sa masa albarka. A bayansa gawon tsakiyar gona ne kwance, ya danne dawa.

Amma ba a fara gini daga rufi. Bari in koma baya, in bi abin daki-daki yadda ya zo.

Gonar gado ce. Mahaifina ya bar mini ita a wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Gida yana gabas, gona ta miƙe daga bayan gida har bakin rafi. Ban yi karatu mai nisa ba, firamare na gama na dawo, amma abin da na koya a gonar nan na riƙe shi da kyau, kuma ga yadda yake. Ba a shuka dawa ita kaɗai, sai an sa wake a tsakani. Harawar waken ta tumaki ce. Kashin tumakin da tokar murhu da sharar gida duk juji ɗaya suke zuwa, jujin kuma ya koma gona kafin ruwan farko. Zogale ne shingen bayan gida. Akwai amya a kan kuka, muna shan zuma. Iri ba a saye. Tun dawa na tsaye ake shiga a zaɓi zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure ta daban, a rataye a madafa inda hayaƙi zai kori ƙwari. Abin da ke kai mu kasuwa gishiri ne da kanwa da sutura. Takin zamani kuwa ban taɓa zuba shi a tsakiyar gonar ba, domin akwai gawo.

Da can ba zan tsaya yi wa Bahaushe bayanin gawo ba. Yanzu na daina ɗauka cewa kowa ya sani. Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa. Da damina, lokacin da kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya fari fat, ka ce ya shekara da mutuwa. Ganyen ya ruɓe a ƙasa ya zama taki, rana kuma ta ratsa rassan ta samu shuka. Sai an gama girbi, duniya ta bushe, sannan ya yi ganye ya yi 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci, su bar kashi. Dawar gindin gawo ta fi ta ko'ina ƙarfi. A da, bayan kaka, makiyaya kan sauka a gonar da shanunsu, su ci kara da 'ya'yan gawo, su bar mana taki. Mu ba su dami, su ba mu nono. Wannan ya wuce, kowa ya san dalili.

Mu ba ma dasa gawo. Tsirowa yake da kansa daga kashin akuya. Aikin manomi shi ne ya gane shi tun yana ƙarami, ya kauce masa da fartanya. Na tsakiyar gonar babban ɗana ne ya gane shi, yana yaro bai isa riƙe garma ba. Ya yagi bakin tsohuwar rigarsa ya ɗaura masa, don kada shanun huɗa su taka shi. Tare suka girma.

'Ya'yana maza biyu ne, kuma gandu muke yi kamar yadda na yi da mahaifina. Safiya ta gandu ce, daga fitowar rana har azahar. Bayan la'asar kowa ya nufi gayaunarsa, wato ɗan yankin da na yanka masa, abin da ya noma a can nasa ne. Tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. In ana noma jere muke yi: ni a kunyar farko, babban a ta kusa da ni, ƙaramin a ta gaba. Babban ba shi da surutu. Ba na duba shi, ƙarar fartanyarsa kawai nake ji a gefen dama, in san yana nan.

Wata rana da hantsi, lokacin maimai, wato noma na biyu, mutanen daji suka ɓullo ta wajen rafi a kan mashina. Ina gida ina gyaran ƙota, ƙaramin ya tafi kasuwa. Babban ne kaɗai a gona. A gindin gawon nan muka same shi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Allah ya jiƙansa.

Muka kwashe zuwa cikin Ƙanƙara, gidan wani ɗan'uwa. Ƙaramin ya rantse ba shi ba fartanya har abada, ya tafi kudu. Yana kira a waya, yana aiko da abin da ya samu, kullum maganarsa ɗaya: "Baba, ƙasa ce hwa kawai. Ku zauna cikin gari." Ba na ja da shi, shi ma abin da ya gani ya gani. Uwarsu ta fito da irin dawarmu ƙulle a tsumma, kowace damina ta shuka 'yan layuka a bayan katangar gidan, don kada irin ya mutu a hannunmu. Da abin ya ɗan lafa, ban ce ya ƙare ba, muka koma mu biyu. Rufin ɗakuna ya zube, rumbu babu komai, gona ta zama daji. Gawunan dai suna tsaye, babu wanda ya taɓa su.

A damina ta farko bayan komawarmu na lura da abu biyu. Na farko a jikina ne. In ina noma, sai in kai ƙarshen kunya, in juyo, in ga na tsallake ta kusa da ita. Ba da niyya ba. Hannuna ne ke barin ta babban. In ka tsaya daga nesa ka dubi gonar, za ka ga layi nomamme, layi da ciyawa, layi nomamme, layi da ciyawa. Sai in dawo in bi su daga baya, ina jin haushin kaina. Washegari in sake.

Na biyu a wajen maiɗakina ne. Ba ta ƙetare shingen zogale, ko da akuya ce ta ɓalle. Marigayin ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, balle yanzu. Amma da hantsi, tana tsakar daka, sai ta tsayar da taɓarya.

"Malam, ka ji?"

"Mi zan ji?"

"Kamar ana sara can tsakiya."

"Iska ce."

Ni ma ina ji. Wani lokaci kamar fartanya, wani lokaci kamar gatari, kullum daga wajen gawon. Na je na duba ba sau ɗaya ba, babu kowa sai tsuntsaye. Daga ƙarshe na kafa doka a gidan: duk wanda ya ji, ya nemi tsarin Allah ya ci gaba da aikinsa. Ba a leƙawa, ba a faɗa.

To, ga ni tsoho, gwiwa ta fara ƙi. Gona irin wannan ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan aka bar juji shekara ɗaya, ko aka ci iri, ko aka bar awaki suka cinye ƙananan gawuna, abin da aka tara tun zamanin mahaifina ya watse. Sai na yanke shawarar da aka yi ta yi mini dariya a kanta: zan buɗe gandu ga wanda ba jinina ba. Ba ƙwadago ba, ba haya ba. Saurayi ya zo ya zauna, safiya ta gandu, yamma ta gayaunarsa, ya ci a tukunyarmu, ya samu rabonsa a rumbu, in ya tashi aure in yanka masa wurin ɗaki.

Na fara da masallacin Juma'a, na roƙi liman ya sanar. Sannan na bi kasuwanni. Ranar kasuwar Faskari na tsaya a teburin wani mai shayi inda samari ke taruwa, na yi sallama na faɗi abin da ke tafe da ni, daga farko har ƙarshe.

Wani mai jan hula ya ce, "Baba, to albashin hwa? Ƙarshen wata ko ƙarshen duniya?"

Na ce, "Ƙarshen kaka."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Waya na kamawa can?"

"In ka hau kuka."

"Kai, Baba ya iya! Wato mu je mu shuka, mutanen su zo su girbe mu da mu da dawar?"

Mai shayin, dattijo ne, ya tsawata musu, ya juyo gare ni. "Alhaji, ka yi haƙuri da su. Amma gandu ai na uba da ɗiya ne. Wa ya taɓa ganin gandu da bare?"

Na ce, "Wa ya taɓa ganin uba shina neman ɗiya a teburin shayi?"

Na sha shayina na tafi.

Duk da haka an zo. Na farko ya zo da tankin feshi a bayansa, yana so ya fesa wa gonar maganin ciyawa gaba ɗaya. Na ce waken fa? Ya ce a bar wake, wahala ce. Muka rabu lafiya. Na biyu ɗan kirki ne, yana da hannu, amma ranar da wani mai sayen kaji ya shigo ƙauyen a kan mashin, ya jefar da fartanya ya faɗa cikin dawa. Da ya fito, ya ce, "Baba, ka yafe mani." Na raka shi bakin hanya da kaina. Ban ga laifinsa ba.

Na uku shi ne mai gatarin. Wani direba ya ba shi labarina, ya zo bayan an yi shuka, da jakar buhu ɗaya. Dogo ne, bahago, ba ya ɗaga ido in yana magana da babba. Asalinsu wajen Sabuwa ne, can cikin ƙasar ɗorawa da kaɗanya, amma tun yana ƙarami ƙwarai aka tashe su, uwarsa ta gudu da shi Funtuwa. Can ya girma yana tura kurar ruwa. Na tambaye shi me ya sani a noma. Ya ce, "Ba komi, Baba. Amma na gaji da sayar da ruwa. Ina so in ci abin da na shuka." Amsar ta yi mini.

Na koya masa bi da bi, kowane aiki a lokacinsa: riƙon fartanya, sannan cirar dawa in ta yi yawa a rami, sannan yadda ake juya juji, sannan ɗaurin tunkiya a turke. In na faɗa sau ɗaya ya riƙe. Ranar da muka fara firi, wato noman farko, na shiga kunyata. Ban ce masa komai ba. Sai kawai ya shiga ta kusa da ni, ta gefen dama. Muka kai ƙarshe, na juyo na duba, babu layin da aka tsallake. Na tsaya ina gyaran hula fiye da yadda hula ke buƙata.

Maiɗakina ta ƙara awo. Yana ce mata Inna, tana ce masa ɗan Funtuwa. Tana tsokanarsa wai 'yan birni ba su iya cin tuwon dawa ba sai da cokali, shi kuma ya ce, "Inna, ƙaro dai, zan gwada in gani ko zan iya." Watannin nan ban ji ta tsayar da taɓarya ba.

Sai aka yi rasuwar nan a Ƙanƙara. Kafin in tafi na ji ta tana faɗa da itacen girki, duk ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa har tana hawaye. Shi ma ya ji. Na bar masa aikin da zai yi, na tafi.

Yadda ta ba ni labari daga baya, da hantsi ta fara jin sara daga tsakiyar gona. Ta nemi tsarin Allah ta ci gaba da daka. Saran bai tsaya ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Da azahar ya shigo ya ci abinci, ya ce, "Inna, gobe za ki ga abu." Ba ta tambaye shi ko ya ji saran ba, ai doka ta hana. Washegari aka sake, tun safe. Tana zaune tana jan carbi har ta ji ƙasa ta girgiza. A daidai lokacin na shigo ƙauyen. Na ga sararin sama a inda ban saba ganinsa ba, na wuce kai tsaye, ta biyo ni har bakin shinge.

To, mun dawo kan ƙarfe huɗu da rabin da na fara da shi.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Busasshen iccen nan ne na kawar. Inna ta huta da hayaƙi har baɗi. Akwai sauran can gefen rafi, su ma duk sun mutu, gobe in Allah ya kai mu..."

Na ce, "Aje gatarin."

Ya ajiye.

"Zo nan. Ɗora hannunka kan kututturen."

Ya ɗora.

"Mi ka ji?"

Ya ɗaga tafin hannunsa ya duba. Murmushin ya tafi. "Ɗanye ne, Baba. Tun jiya na ga shina da danshi, na ce ko ruwan sama ne."

"Ba a taɓa gaya maka gawo na zubar da ganye da damina ba?"

"Gawo?"

Sunan ma bai sani ba. Ɗan manomi, jikan manomi. Ko a mafarki ban taɓa zaton za a haifi Bahaushe a ƙasar nan da za a zaunar a gaya wa wannan ba. A nan tsaye na fara tunanin sauran irinsa da suka tashi a bakin tasha da zaurukan mutane, da abubuwan da ba su sani ba, waɗanda mu ma ba mu san ba su sani ba.

Daga bakin shinge maiɗakina ta yi magana, a hankali, ba da shi take ba, ba da ni ba. "Ashe yau da gaske ne."

Ya dube ta, ya dube ni. Sai na gaya masa wanda ya ɗaura wa iccen tsumma, da inda muka same shi. Sannan na ce, "Ko waɗancan mutanen ba su taɓa shi ba."

Ya durƙusa a cikin dawar da ta karye. Ban zage shi ba, ban kore shi ba. Na ce a tashi a yi shirin magariba.

Ya ƙara 'yan kwanaki. Yana fita gandu a kan lokaci, amma ya daina shiga kunyar kusa da ni, sai ya koma can ƙarshen gona shi kaɗai. Tuwo ya dawo kamar yadda aka kai. Ranar kasuwa ya ce zai je ya gaida uwarsa. Ya wanke fartanyarsa ya jingine a inda ake jinginewa. Gayaunarsa na nan da wake ya fara yaɗo. Bai dawo ba. Direban da ya kawo shi ya ce ya bar unguwar da yake.

Na ce wa maiɗakina maganar da na faɗa gaskiya ce. Ta ce, "Gaskiya ce, Malam. Ita ce kuma ta tahi da shi." Itacen bai shiga murhunta ba, yana nan jibge. Ni na koma tsallake kunya. Ita kuma yanzu duk abin da ta ji sai ta fita ta leƙa, har cikin gona. Dokar ta faɗi da kanta.

Da kaka ta yi muka girbe waken gayaunarsa, na zuba a buhu daban, yana rataye a ɗakin da ya kwana. Gawunan gefen rafi suka yi ganye kamar yadda suka saba, kore shar a tsakiyar fari. Na so ƙwarai a ce ya ga wannan da idonsa.

Maiɗakina ce ta gano wani abu, a wajen leƙe-leƙenta. Ta dawo da sauri ta ce in zo. Kututturen ya yi toho. Ba ɗaya ba, zagaye da shi, masu 'yan ƙayoyi farare. Saiwar ba ta mutu ba.

Ga yadda aikin toho yake. Ba a barin su duka, in an bari sai su zama kurmi, babu wanda zai zama itace. Za a bar su su ɗan tasa, a zaɓi wanda ya fi miƙewa, a yanke sauran. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kowace shekara a rage masa rassan ƙasa, a kauce masa da garma. Kafin ya yi inuwar da tunkiya za ta kwanta, an daɗe da kai ni makwancina. Na kewaye shi da ƙaya, wannan zan iya. Zaɓen ne ban yi ba. A gidanmu wanda zai rayu da itace shi ke zaɓensa. Kuma ba zai jira ni har abada ba, in damina ta sake wucewa a kansa ya zama kurmi.

Saboda haka, kai mai karatu, ga roƙona. Idan kana Funtuwa, ko Sabuwa, ko wata tasha a tsakani, ka ga dogon saurayi bahago yana tura kurar ruwa, ba ya ɗaga ido in babba na magana, ka tambaye shi ko ya taɓa sare gawo. Idan ya yi shiru, shi ne. Ka ce masa kututturen ya yi toho, wakensa na nan, Inna ta ce tuwo na jiransa, ni kuma na ce ya zo ya zaɓi wanda za a bari. Idan ba ka gan shi ba, amma ka san wani saurayi da ya gaji da zaman bakin titi, ko da bai san sunan itace ko ɗaya ba, ka turo shi tashar Faskari ya tambayi tsohon da ke neman 'yan gandu, direbobi sun san ni. Abu ɗaya kawai: ka turo shi da rani, tun ganyen gawo bai zube ba.